Ruwan Kwata Zai Iya Komawa Randa?

Tun shekarar 1968 mutanen Winduk, babban birnin Namibiya, suke shan ruwan da ya riga ya bi ta ban-ɗakunansu da madafansu da wuraren wankinsu. Ana tattara shi, a tace, a gauraya da ruwan madatsa da na rijiyoyin burtsatse, a mayar da shi famfo. Sama da shekara 50 ke nan, kuma ba a taɓa samun annobar da aka danganta da wannan ruwan ba. Idan ka faɗi haka a majalisa a Garwa ko Marwa ko Kusiri a arewacin Kamaru, kafin ka rufe baki wani dattijo zai ce, "Subhanallahi! Ruwan masai fa, Malam?" Ina ganin girman wannan ƙyamar, domin ita ta tsare kakanninmu daga cututtuka masu yawa tun ba a san ƙwayar cuta ba. Sai dai tana hana mu ganin wani abu mai ɗaci. Mu ma ruwan da aka yi amfani da shi muke sha. Na Winduk ya bi ta hannun masu tacewa da masu gwaji, namu kuwa daga rami yake zarcewa rijiya.

Mu fara da tsakar gida. Ƙa'idar da masu aikin tsafta suke bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma ƙasan ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi a bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa. To, gidan da faɗinsa mita 15 ne, tsawonsa 20, ina zai samo mita 30? Ko mai gida ya kai masai ƙuryar gabas ya haƙa rijiya a ƙuryar yamma, masan maƙwabci na jingine da katanga a bayan rijiyar. Da rani ƙasa tana ɗan rufa mana asiri, domin yashi da laka suna kama wani kaso na ƙazantar kafin ta sauka. Da damina ruwan ƙasa ya taso, ramin da rijiyar sai su haɗu ta ƙasa ba wanda ya gani. Wanda ya ga unguwar Waliya a Injamena lokacin ambaliyar 2022, ko garuruwan gaɓar kogin Lagon a 2024, ya san cewa a irin wannan lokacin ma ba sai ta ƙasa ba, a fili ruwa ke kwashe abin da ke cikin ramuka ya watsa wa unguwa.

Sakamakon mun san shi da sunansa. Amai da gudawa da ya ɓarke a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru a 2010 ya kashe ɗaruruwan mutane. Cutar shawarar da ta addabi garin Am Timan na Cadi a 2016, wadda ta fi yi wa mata masu ciki illa, ta ruwan da bayan gida ya gurɓata take yaɗuwa. Taifot kuwa ya zama ɗan gida, har mun daina tambayar daga ina yake zuwa. Akwai kuma wanda ba ya nuna kansa da zazzaɓi, wato sinadarin nitrat da ke tsiyaya daga masai zuwa rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita, saboda yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata. Tafasa ruwa ba ya fitar da shi, ƙara masa kauri ma yake yi.

Haka abin yake a koguna. Lagon kafin ya iso Kusiri ya wanke Mundu da Bongor da Yagwa. Shari ya ɗauko na Sar. Abin da Garwa ta zuba a Binuwai, Yola ce za ta ɗiba, bayanta Makurɗi. Kowane garin bakin kogi yana shan saurar wanda ke samansa, kuma haka ne a Turai da Amurka ma, illa dai su suna tace nasu kafin su sake shi.

Yanzu ga yadda ake aikin. Ruwan da ya fito daga gidaje, duk munin kamanninsa, kusan kashi 99.9 cikin 100 ruwa ne tsantsa. Ragowar ɗan kason nan shi ne abokin gaba, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai tarkacen da ido ke gani, akwai maiƙo da abin da ke ruɓewa, akwai ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, sannan akwai abin da ya narke gaba ɗaya: gishiri, saurar magungunan da jiki ya fitar, sabulu, maganin ƙwari. Kowanne da tarkon da ke kama shi, shi ya sa ba a dogara da mataki ɗaya.

Da farko ruwan yana bi ta raga da ke tare leda da tsumma, ya shiga wani kwarami ya kwanta, yashi da laka su nutse, maiƙo ya taso a kwashe. Daga nan sai a miƙa shi ga wasu ƙananan halittu masu amfani. Ana hura iska cikin ruwan, su kuma su yi ta cin abin da ke ruɓewa suna hayayyafa, har su dunƙule su nutse. Wannan matakin shi ke kashe wari. Ruwan da ya fito daga nan ya yi haske, ana iya sakinsa a kogi ko a ba itatuwa, amma bai kai a sha ba, kuma yawancin biranen duniya a nan suke tsayawa.

Mai son ya kai shi randa sai ya gina wata matatar a gaba. A Winduk, a tashar Goreangab wadda aka sabunta a 2002, ana zuba sinadarin da ke dunƙule ƙurar da ta rage, aikin da alif ke yi wa ruwan rafi a gidajenmu, a tace ta yashi, sannan a busa masa iskar ozon mai farfasa saurar magunguna da kashe ƙwayoyin cuta. Sai ya ratsa gawayi na musamman mai tsotse abin da ya narke, ya bi ta wata fata mai ƙananan ƙofofi da ƙwayar cuta ba ta iya wucewa, a ƙarshe a sa masa kulorin, dangin jabel ɗin da mata ke wanke farin kaya da shi. Tashar tana iya ba da lita miliyan 21 a rana, wato sama da jarka miliyan ɗaya mai lita 20.

Singafo da gundumar Orenj ta Kaliforniya sun bi wata hanyar. Su matsi suke amfani da shi. Ana tura ruwan da ƙarfin inji ta wata fata wadda ta fi ta Winduk matsewa nesa ba kusa ba, kamar mace tana matse ƙullu a ƙyalle gasara ta fita dusa ta tsaya, sai dai wannan ƙyallen ko narkakken gishiri ba ya bari ya wuce. Bayan haka a haska shi da fitila mai irin hasken nan na rana da ido ba ya gani, wanda ke lalata duk ƙwayar da ta tsira. Ruwan da ke fita ya tsarkaka har sai an mayar masa da ɗan ma'adini, in ba haka ba zai riƙa cin bututu. Tashar Orenj da aka buɗe a 2008 yanzu tana fitar da kusan lita miliyan 490 a rana, kuma ba a kai shi famfo kai tsaye. Ƙarƙashin ƙasa ake zuba shi, ya gauraya da na asali, bayan watanni a jawo shi ta rijiyoyi. NEWater, wato tataccen ruwan Singafo, kuwa yawancinsa masana'antu ke sha, da rani ne ake zuba wani kaso a madatsun ruwan sha.

Bambancin hanyoyin nan biyu ya shafe mu kai tsaye. Matatar matsi tana barin wani kaso na ruwan a baya, wanda duk gishirin da dattin suka taru a cikinsa. Mai teku a kusa sai ya zuba a teku. Injamena kuwa ta fi kilomita 1,000 daga teku, Marwa ma nesa take da teku, ba inda za su kai wannan ruwan zartsi sai ƙasar noma ko kogi. Winduk ma a tsakiyar tudu take, ga ƙarancin ruwan sama, abin da take samu a shekara bai kai milimita 400 ba. Idan akwai darasin da za mu ɗauka, wurin ɗan'uwanmu na Afirka za mu fi samunsa.

Sai maganar tsarki, wadda a wurinmu ita ce gaba da komai. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ma'aunin da mazhabar Malikiyya ta ɗora wa ruwa: launi, ɗanɗano da wari. Idan najasa ta canza ɗaya daga cikinsu, ruwan ya najastu. Tambayar da zamani ya kawo ita ce, idan aka raba ruwan da najasar har siffofin nan uku suka koma asalinsu fa? Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta zauna kan wannan a 1978, bayan ta saurari masana, ta ce ruwan da aka tace har babu sauran alamar najasa a launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ya tsarkaka, ana alwala da wanka da shi, ana kuma iya sha muddin ba zai cutar da lafiya ba. Amma ta ƙara da cewa ta fi son a kauce wa shansa idan akwai wani, don kiyaye lafiya da kuma abin da rai ke ƙyama. Wannan ƙarin yana burge ni, domin malaman ba su yi watsi da zuciyar mutane ba, kuma sun rataya halascin sha a wuyan gwajin likita. Hukumar addinin Musulunci ta Singafo ma ta halatta NEWater. Ke nan addini bai rufe ƙofa ba, sharaɗi ya gindaya, kuma sharaɗin shi ne ainihin inda wahalar take.

Hanci da harshe ba sa gane komai. Mutanen yankin Meri da kwarin Mayo Tsanaga shaida ne. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse a can garau yake, bai taɓa kusantar kwata ba, daga cikin dutse yake fitowa, amma sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya wuce miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance. Ka dubi haƙoran yaran da suka tashi da shi, sun yi ja-ja sun dafe, in abin ya yi yawa har ƙashi yake taɓawa. Asalin ruwa mai kyau bai isa shaida ba, ɗakin gwaji ne kaɗai ke iya faɗin abin da ke ciki.

To me zai hana mu gina irin ta Goreangab a Garwa ko Injamena gobe? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abu na farko, matatar tana buƙatar ruwan da za ta tace, kuma mu ba mu tara shi. Winduk tana da bututun ƙarƙashin ƙasa da ke ɗauko ruwan gidaje zuwa wuri guda. Garuruwanmu kuwa kowane gida da raminsa, ruwan wanka da na wanke-wanke a kwararo ake watsawa, lambatun da aka gina don ruwan sama ya zama juji. Camwater a Kamaru da STE a Cadi aikinsu kawo ruwa ne, kwashe wanda aka ɓata kuma kusan an bar wa kowa ya ji da nasa. Shimfiɗa bututu a tsohuwar unguwa mai lunguna ya kan fi gina matatar kanta tsada, kuma bututun ba ya gudu sai gidaje suna da ruwan da za su kora da shi. Gidan da ke sayen jarka shida a wurin mai kura ba zai zuba biyu a masai ba.

Wuta kuma fa? Injin hura iska, injin ozon, famfunan matsi, duk ba sa son a ɗauke wuta ko na awa ɗaya. Mun ga yadda jihohin arewacin Kamaru uku suka sha duhu a shekarun da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar da aka ƙaddamar a 2023 sun rage zafi, amma matatar ruwan sha dare da rana take aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne sa ido. A Winduk na'urori suna auna ruwan ba tsayawa a kowane mataki, kuma da zarar wani ma'auni ya kauce, ruwan ba ya wucewa gaba, juya shi ake yi baya. Ana kuma kai samfuri wasu ɗakunan gwaji na waje su tabbatar. Wannan yana nufin ma'aikacin da ke farke da ƙarfe uku na dare, da sinadarin da bai ƙare a sito ba, da kayan gyaran da ba a jira wata shida kafin su iso daga Duwala ba, da shugaban da zai yarda a rufe famfo a faɗa wa jama'a gaskiya ranar da aka sami matsala. Matatar da ke ɗibar ruwan kogi idan ta yi sakaci mutane za su sha ruwa mai laka. Wadda ke ɗibar ruwan masai idan ta yi sakaci na kwana ɗaya, asibitocin gari ba za su ɗauki masu zuwa ba.

Ko inda aka cika waɗannan duka, sai jama'a sun yarda. A garin Tuwumba na Ostireliya an yi ƙuri'ar raba gardama a 2006, ana tsakiyar fari, kusan kashi 62 cikin 100 suka ce ba sa so, daga baya aka jawo musu ruwa da dogon bututu daga wata madatsa. A Singafo kuwa firaminista Goh Chok Tong ya ɗaga kwalba ya sha a gaban dubban mutane ranar bikin ƙasa na 2002, bayan an daɗe ana gwaji ana bayyana sakamako. Mutumin da aka saba yi wa alkawarin famfo ba a cika ba, ba zai karɓi wannan ruwan don an yi masa jawabi ba, kuma yana da gaskiya.

Ra'ayina shi ne shan wannan ruwan shi ne matakin ƙarshe, mu kuwa ko na farko ba mu taka ba, alhali na farkon ne zai fi ceton rai. A fara da lakar masai. Motocin zuƙa da bayin Allah masu yashe rami da hannu, waɗanda muke raina wa sana'a alhali lafiyar gari a hannunsu take, yawanci ba su da wurin zubarwa sai bayan gari ko bakin mayo, wato rafi. Yawunde kanta sai a 2021 ta buɗe tashar sarrafa wannan lakar a Etowa. Irin wannan tashar ba ta buƙatar injin kirki: fili ne, da gadajen yashi da tsakuwa inda lakar za ta tsane ta bushe, a adana ta har ƙwan tsutsa ya mutu, ta zama taki.

Ga ruwan kuma akwai tafkunan tacewa, inda zafin da muke kuka da shi a watan Afrilu yake zama ma'aikaci. Ruwan yana bi ta tafki mai zurfi inda datti ke nutsewa, ya wuce zuwa masu faɗi marasa zurfi inda rana da gansakuka ke kashe ƙwayoyin cuta, cikin makonni uku zuwa huɗu. Rana za ta shanye wani kaso, kuma dole a riƙa share ciyawar gefe don kada sauro ya samu gida. Abin da ya fita ya isa a ba darbejiyar bakin titi, a buga tubali, a kwaɓa siminti, a shayar da lambu idan gwaji ya nuna ƙwan tsutsa bai wuce ɗaya a lita ba. Kasuwa, asibiti, makarantar kwana, barikin soja da babban masallaci su ne wuraren farawa, domin ruwansu a tare yake fita. Ruwan alwalar Juma'a ɗaya kaɗai zai rayar da itatuwa masu yawa. Duk jarkar da magini ko mai lambu ya ɗiba daga nan, jarkar ruwan sha ce ta rage wa masu layi a famfo.

Sai dai a yi hattara da abin da ya faru a Wagadugu. An buɗe tafkunan Kosodo a 2004, aka raba wa masu lambu filaye a gefensu, amma ruwan masana'antu yana shiga tare da na gari. Cikin 'yan shekaru kanwa da gishirin da ke cikinsa suka daskarar da ƙasar, amfanin gona ya ja baya. Winduk tun farko ta ware ruwan masana'antu, ba ya shiga matatar ruwan sha. Garin da ke da majema kamar Marwa, ko masaƙa da matatar man auduga da mayanka kamar Garwa, dole kowace masana'anta ta tace nata a harabarta kafin ya haɗu da na jama'a.

Inda nake ganin maganar sha za ta fara tasowa da gaske shi ne gabashin Cadi. Abeshe ruwan samanta bai fi na Winduk da yawa ba, ruwan famfonta daga nesa ake jawo shi, ga kuma dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Sudan da suka kwararo ta Adre tun Afrilun 2023, inda samun lita 15 ga mutum a rana, mafi ƙarancin abin da masu agaji suka ƙayyade, ya zama aiki. A irin wannan wurin, hanyar da ta fi dacewa ita ce a tace ruwan sosai a bar shi ya nutse ta yashin kwari, ƙasa ta ƙara masa tacewa na watanni, sannan a jawo shi ta rijiya a sa kulorin. Mutanenmu da ke tona yashin mayo da rani suna kwalfar ruwa sun riga sun san yashi yana tacewa, abin da ya rage shi ne a tabbatar da abin da ake zuba masa.

Kafin a kai can, akwai abin da kowane magajin gari zai iya yi a kasafin bana: ya keɓe filin zubar da lakar masai nesa da mayo, ya yi wa masu yashe rami rajista ya ba su safar hannu da takalmin roba, ya sa a riƙa gwada ruwan rijiyoyin unguwa da na masu kura da na leda, kafin damina da bayanta. Sakamakon kuma a manna shi a ƙofar ofishinsa, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Larabci, unguwa-unguwa, har da rijiyoyin da aka samu sun gurɓace da abin da za a yi da su.